Godiya Ga Waɗanda Suka Taimaka Mini Na Dawo Da Lambobin Wayata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tsare rayuwata da lafiyata, ina sanar da 'yan'uwa da abokan kasuwanci cewa layina ya dawo hannuna, kuma mafi yawan lambobin da suka salwanta lokacin da aka fizge mini waya a cikin adaidaita-sahu a farkon kakar bana sun dawo. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ga ya wajaba in fito fili in gode wa waɗanda suka tsaya mini, ko da yake ba zan ambaci sunan kowa ba, domin da yawa daga cikinsu sun nuna ba sa son a bayyana su.

Wanda ya san harkar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau ya san cewa kuɗin wayar ba shi ne babbar asara ba. A cikinta akwai lambobin manoma da dillalai na Maigatari da Gujungu, da direbobin da ke ɗauko kaya, da 'yan dako, da abokan hulɗa na Maraɗi da Damagaram waɗanda lambobinsu ke farawa da +227, kuma wasunsu shekara da shekaru muna ciniki ta waya ba tare da na taɓa taka ƙofar gidajensu ba. Abin ya zo daidai lokacin da sabon riɗi ke shigowa, lokacin da farashi kan sauya tsakanin safe da yamma, ga kuma kuɗin mutane da na riga na karɓa a kan alkawarin kaya.

Godiyata ta farko ga maiɗakina ce. Da na je ofishin kamfanin layin domin a sabunta mini shi, an nemi lambata ta NIN, da takardar rantsuwa ta kotu da ke tabbatar da ɓatan layin, da adadin katin da na sanya na ƙarshe, sannan da wasu lambobin da na fi yawan kira. Ita ce ta zauna ta tsamo waɗannan lambobi daga wayarta, kuma ita ce ta riƙa amsa kiran jama'a dare da rana tana shaida musu cewa wayar ba ta hannuna. Haka kuma ina gode wa ma'aikaciyar da ta karɓe ni a ofishin, wadda ta bi ƙa'idar aikinta ba tare da ta wulaƙanta ni ba, da ma'aikacin bankin da ya rufe asusuna nan take, domin mai layi a hannu yana iya gwada cire kuɗi ta lambobin da ake dannawa ko da babu intanet.

Sai kuma waɗanda ɓarayin suka aika wa saƙo ta WhatsApp da sunana, suna cewa wai na shiga matsala ina neman a tura kuɗi cikin gaggawa. An fizge wayar ne ina cikin magana, saboda haka a buɗe ta faɗa hannunsu. Yawancinku kun yi shakka kun kira gida kun tambaya, kuma wannan tambayar ce ta sa labari ya bazu da wuri. Wani dattijo abokin mahaifina, Allah ya ƙara masa lafiya, ya tura kuɗin kafin labarin ya iske shi, da na je mayar masa kuwa ya ƙi karɓa, ya ce shi don ni ya bayar kuma niyyarsa ta riga ta isa inda za ta. Baba, na gode, Allah ya saka da mafificin alheri.

Wanda ya ɗauki nauyin aikin dawo da lambobin shi ne ɗan yayata, ɗalibi mai karatun kwamfuta, tare da wani abokinsa mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Zan ɗan tsawaita a nan, domin abin da suka yi zai iya amfanar wani. Da layin ya dawo, da shi aka karɓi lambar tabbatarwa aka shiga asusuna na Google, aka sauya kalmar sirri, aka kuma fitar da tsohuwar wayar daga jerin na'urorin da ke da izinin shiga asusun. Amma da muka buɗe Google Contacts, wato ma'ajiyar lambobin waya ta asusun Google, sai muka tarar da shi kusan fayau. Yaran suka bayyana mini cewa wayar Android da ke haɗe da asusu tana daidaita kanta da shi ne ta kowane ɓangare: lambar da ka ƙara a waya za ta bayyana a asusun, wadda aka goge a waya kuma za ta ɓace daga can. Da ɓarayin suka bi lambobin suka goge, gogewar ta bi ta intanet ta isa asusun.

Abin da ya cece ni shi ne Google ba ya hallaka lambar da aka goge nan take. Yana ajiye ta a kwandon shara na tsawon kwana 30, kuma a cikin saitunan akwai wurin janye sauye-sauye, inda mutum zai zaɓi lokacin da yake so a mayar da jerin lambobinsa yadda yake, muddin bai wuce waɗannan kwana 30 ba. Ɗan yayata ya zaɓi ranar da ta gabaci satar, cikin ɗan lokaci kaɗan sunaye suka cika fuskar kwamfutar. Ya ja hankalina cewa wannan hanya tana ɗauke duk lambar da aka ƙara bayan ranar da aka zaɓa, don haka kafin ya taɓa komai sai da ya kwafe 'yan lambobin da na fara tarawa a sabuwar waya ya adana su gefe. Da mun yi jinkiri wata ya cika, da babu mai gyaran da zai iya dawo da su, kuma ina ganin wannan ya kamata duk wanda irin haka ta same shi ya fara sani kafin ya tsaya jimamin waya.

Duk da haka ba duka suka dawo ba. Ashe waya tana da wurin ajiye lamba har uku: kan layi, wanda galibi ba ya ɗaukar fiye da lamba 250 kuma suna da lamba ɗaya kawai yake riƙewa, da cikin ƙwaƙwalwar wayar kanta, da kuma asusun Google. Sabon layin da kamfani ke bayarwa lambarka kawai yake dawo maka da ita, ba ya zuwa da abin da ke kan tsohon. Lambobin da suka shiga ƙwaƙwalwar wayar kuwa sun tafi tare da ita. Abin takaici, yawancin waɗannan na manoman ƙauye ne, mutanen da ba su da WhatsApp balle a same su a wani zaure, waɗanda ƙaramar waya ce kawai a hannunsu kuma sai sun hau tudu ko sun shigo gari ranar kasuwa ake samun su.

A nan ne jama'a suka yi abin da na'ura ta kasa. Yaron shagona ya ɗauko tsofaffin littattafan awo da na bashi, inda ya saba rubuta lambar mai kaya a gefen adadin buhunansa, ya bi su shafi-shafi yana karanto mini. Shugabannin zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwarmu sun sanya sanarwa, mutane suka riƙa turo sunayensu da garuruwansu. Wani direba da ke bin hanyar Maigatari ya ɗauki abin tamkar nasa, duk ƙauyen da ya tsaya lodi sai ya karɓo lambobin waɗanda muke hulɗa da su a takarda ya kawo mini. Wani abokin ciniki a Maraɗi kuma ya haɗa ni da sauran 'yan'uwanmu na can ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin kiransa. Maƙwabtana a kasuwa sun ba ni aron waya, wasu har sun karɓar mini kaya sun biya kafin banki ya buɗe mini asusu. Allah ya biya ku, ya tsare dukiyarku da iyalanku.

Kafin yaran su sallame ni sun mayar da asusun Google ya zama wurin da kowace sabuwar lamba za ta riƙa shiga, sun haɗe sunayen da suka maimaitu, sun fitar da kwafin lambobin gaba ɗaya a fayil ɗin vCard, wato fayil na ajiye lambobin waya, wanda aka adana a kwamfutar gida. Sun sanya wa layin lambar sirri ta yadda ba zai yi aiki a wata waya ba sai da ita, tare da gargaɗin cewa kuskure uku a jere yana kulle shi sai an nemo lambar PUK, wato lambar buɗe layin da ya kulle. Sun kuma sa na danna *#06# na rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar waya mai alƙaluma 15, ta sabuwar wayar, wadda ita ce jami'an tsaro ke tambaya idan an kai rahoton sata.

Roƙona ga wanda ya ga wannan saƙo kuma ya san muna hulɗa amma bai ji daga gare ni ba tun farkon kaka, musamman mutanenmu na ƙauyukan Jigawa da na ƙetaren iyaka, shi ne ya yi haƙuri ya kira ni ko ya turo saƙo da sunansa da garinsa, domin lambata ba ta sauya ba. Wanda yake bi na kuɗi ko kaya ya zo da shaidarsa mu daidaita. Duk saƙon da ya zo da sunana ana neman a tura kuɗi wani asusu, kada a tura sai an kira an ji muryata.

Wassalamu alaikum.