Yadda gishiri ya cinye murfin tankin kifina, da gyaran da na yi

Da hannuna na haɗa murfin katako na tankin gilashin da nake kiwon kifin teku a ciki, na shafa masa fenti mai sheƙi ta waje, na bar cikinsa haka nan domin a tunanina ba mai ganinsa. Bai cika wata biyar ba sai gefen filawud ɗin ya kumbura, ya fara ɓarewa falle-falle, ƙusoshin kuma suka yi tsatsa har jan ruwansu yana ɗiga cikin tankin.

Da fari na ɗora laifin a kan tururi, amma gishiri ba ya tashi da tururi. Kumfar da famfon cikin tankin ke fitarwa ce take fashewa a saman ruwa tana watsa ƙananan ɗigo, ruwan ya bushe ya bar farin ɓawo a jikin katako. Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, shi kuwa gishiri yana jawo laima, saboda haka duk inda ya maƙale ba ya bushewa sosai, ko da an ga kamar ya bushe.

A karo na biyu na goge katakon da samfefa, na bar shi ya bushe sarai, sannan na shafa ifoksi, wato roba mai kashi biyu da ake gaurayawa, sau uku ciki da waje. Inda na fi ɓata lokaci shi ne bakin yanka, domin nan ne katako ke shan ruwa kamar soso. Sai da na yi ta maimaitawa har ya daina tsotsa. Ramukan ƙusa ma na huda su tukuna, na ɗura ifoksi a ciki kafin na ɗaura, matakin da kafintan unguwarmu ya ce ɓata kuɗi ne, ni kuwa na riga na ga inda ruɓewar farko ta soma. Na sauya duk ƙarafan da ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, wanda ya fi 304 jure gishiri, na kuma guji tagulla da jan ƙarfe domin guba ne ga ƙananan halittun teku irin su murjani mai rai da jatan lande.

Cikin murfin na shafa masa farin fenti don ya mayar da hasken fitila cikin ruwa, na buɗe bayansa, na sa ƙaramar fanka irin ta kwamfuta tana fitar da iska mai laima. Na jira mako guda cur, warin ya fita gaba ɗaya, kafin na ɗora shi. Yanzu kowace Asabar nakan goge cikinsa da tsumma da ruwan daɗi, kuma hinji ɗaya na baya da ya fi kusa da famfo shi ne kaɗai nake sauyawa lokaci-lokaci.