Asabar a New Echota

Yau da hantsi Yaya ya ɗauke mu a mota, ni da babbar 'yarsa, muka kama hanyar arewa daga Atlanta, a jihar Jojiya ta Amurka. Bayan awa guda da 'yan mintuna muka isa New Echota, kusa da garin Calhoun. Aiki aka ba yarinyar a makaranta kan mutanen Cherokee, wata al'umma daga cikin 'yan asalin ƙasar Amurka, ni kuma na bi su don kada in wuni a gida.

Fili ne mai ciyawa, da gine-ginen katako jefi-jefi. In ba an gaya maka ba, ba za ka ce nan ne fadar mulkin wata al'umma ba. A 1825 Cherokee suka mai da wurin babban birninsu, lokacin ƙasarsu ta haɗa arewacin Jojiya da sassan Tennessee, Alabama da North Carolina. A 1827 suka rubuta tsarin mulki, ga majalisa, ga kotun ƙoli.

Ɗakin ɗab'i ne ya riƙe ni. An sake gina shi, an jera akwatuna masu ƙananan gurabe, kowane gurbi da haruffan dalma 'yan mitsi-mitsi. Wani maƙerin azurfa mai suna Sequoyah, wanda bai iya karatun Turanci ba, shi ya zauna ya ƙirƙiro wa harshensu rubutu, ya kammala a 1821. Alamomi 85 ne, kowace tana tsaye a madadin gaɓa guda, shi ya sa mutum ke iya koya cikin ɗan lokaci. A Fabrairun 1828 jaridarsu Cherokee Phoenix ta fara fita daga wannan gari, cikin harshensu da Turanci, Elias Boudinot ne editan. Na daɗe a tsaye ina kallon haruffan nan, har Yaya ya leƙo ya ce, "Malam, rana tana yi."

Duk abin da Turawa suka ce shi ne ci gaba, mutanen nan sun yi shi. Bai hana komai ba. An gano zinariya a wajen Dahlonega, masu noman auduga kuma suna son ƙasa. A 1830 Shugaban Amurka Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasa zuwa yammacin kogin Mississippi. Jojiya ta ɗaure ɗan mishan Samuel Worcester don ya zauna cikin Cherokee ba da izinin jiha ba, kuma gidansa yana nan tsaye har yau, mun shiga. Shari'arsa ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a 1832 Alƙali John Marshall ya yanke cewa dokokin Jojiya ba su da iko a ƙasar Cherokee. A shekarar nan dai jihar ta yayyanka ƙasar eka 160-160, ta raba wa fararen fata ta hanyar jefa ƙuri'a, masu gonakin suna ciki suna kallo.

Yarinyar ta juyo ta ce, "Baffa, to tunda sun ci shari'a, me ya sa aka kore su?" Kafin in buɗe baki Yaya ya ce mata kotu ba ta da soja, shugaban ƙasa ke da su, shi kuma bai ga dama ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka raba kansu. A Disambar 1835 wasu 'yan tsiraru, cikinsu da Major Ridge da Boudinot ɗin nan na jarida, suka sa hannu a yarjejeniyar sayar da ƙasar kan dala miliyan 5, ɗan Ridge mai suna John ya sa nasa daga baya, suna ganin tsayawa ba za ta yi ba. Shugaban Cherokee John Ross ya kai koke da sa hannun mutum wajen 15,000, amma Majalisar Dattawan Amurka ta amince da yarjejeniyar da ratar ƙuri'a ɗaya. A 1838 sojojin Janar Winfield Scott suka bi gida-gida suna tara mutane a sansanoni. Kimanin 16,000 aka kora zuwa inda yau ake kira Oklahoma, ana ƙiyasin 4,000 sun mutu da cuta da yunwa da sanyi. A Yunin 1839 'yan uwansu suka kashe Ridge da ɗansa da Boudinot a rana guda. Ban iya kiran mutanen ukun nan maciya amana ba, ban kuma iya wanke su ba.

Akwai kuma abin da bai kamata in tsallake ba: attajiran Cherokee suna da bayi baƙar fata, kuma bayin nan sun taka wannan hanya tare da iyayen gijinsu. Na gaya wa yarinyar ta sa wannan a rubutunta.

Mun yi azahar a gindin wata bishiya kusa da inda muka ajiye mota, muka ci abin da matar Yaya ta ƙunso mana. A hanyar dawowa Yaya ya ce kafin in koma gida zai kai ni tsaunukan North Carolina, inda jikokin waɗanda suka tsira daga korar suke zaune har yanzu, da gwamnatinsu, da makarantar da ake koyar da yara cikin harshen Cherokee.