Ranar da na shiga aji da rabin kankana

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau na fita daga gida da rabin kankana a leda, har uwargida ta tambaye ni ko liyafa ake yi a makaranta ba a gayyace ta ba. Darasin da ke gabana shi ne yadda masana suka yi ta sauya siffar da suke ba ƙwayar zarra, wato ɗan ƙanƙanin abin da kowane abu ya ginu da shi, kuma na shafe shekaru ina koyar da shi ta hanyar zana da'irori a allo, yara su kwafa, su haddace sunaye da shekaru, a tashi. Bana na ƙudura cewa duk siffar da na zana sai na faɗi awon da ya rushe ta.

Ban daɗe a kan Girkawa ba. Na ce musu Dimokuradiyus, tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi tunanin cewa in aka yi ta gutsura abu dole a kai ga guntun da ba ya ƙara gutsuruwa, amma ba shi da ma'aunin da zai tabbatar da zancensa. Wanda ya kawo ma'auni shi ne John Dalton, malamin makaranta a Manchesta ta Ingila, wanda ya buga ra'ayinsa a 1808. Ya lura cewa sinadarai suna haɗuwa ne bisa ƙayyadadden nauyi, misali kabon yana haɗuwa da oksijin ya ba da iska iri biyu, kuma in nauyin kabon ɗin ɗaya ne, oksijin ɗin da ke cikin ɗaya ninki biyu ne cif na wanda ke cikin ɗayar. Wannan yana nuna cewa ana ƙirga abin ne ɗaya-ɗaya kamar kuɗin ƙarfe. A wurinsa zarra dunƙule ce mai tauri da babu komai a cikinta.

Sai na fito da kankanar. A 1897, a jami'ar Kembirij, J. J. Thomson ya gano cewa hasken da ke ratsa bututun gilashin da aka zuƙe iskarsa wasu ƙananan abubuwa ne masu cajin negetif, waɗanda nauyin kowanne bai kai kashi ɗaya cikin dubu na zarrar haidirojin ba, wato ilektiron. Ke nan abin da aka ce ba ya rabuwa yana da kayan ciki. A 1904 ya ba da siffarsa: jan naman kankana shi ne cajin fozitif da ya bazu ko'ina, baƙaƙen 'ya'yan da ke warwatse a ciki kuma su ne ilektiron. Ajin ya yi tsit, ko da yake ina kyautata zaton rabin natsuwar ta kwaɗayi ce.

A kan Rutherford na fi daɗewa, domin a ganina babu gwajin da ya fi nasa daɗin bayani. Mutumin Niyu Zilan ne, kuma ɗalibin Thomson ɗin ne. A 1909 mataimakansa biyu, Geiger da Marsden, suka riƙa harba ƙwayoyin alfa, wasu ƙananan ƙwayoyi masu cajin fozitif, a kan fallen zinariya mai tsananin siranta, suna zaune a ɗaki mai duhu suna ƙirga ƙyallin da ke fitowa a wani ɗan allo. Da a ce siffar kankana gaskiya ce, da duka sun ratsa sun wuce, kuma akasarinsu sun wuce ɗin, amma jefi-jefi, ɗaya cikin dubbai, sai ta yi tsalle ta dawo baya. Rutherford ya kwatanta mamakinsa da na wanda ya harba harsashin igwa a kan takarda mai laushi, harsashin ya dawo ya same shi. Sai a 1911 ya bayyana abin da ya fahimta: kusan dukan nauyin zarra da cajinta na fozitif sun taru a wata 'yar cibiya, sauran kuwa fili ne. Na nuna musu filin ƙwallonmu ta taga, na ce in zarra ta kai girmansa, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar gero da aka ajiye a tsakiya ba.

Ita ma wannan siffa da ciwonta, domin bisa ƙa'idojin lantarki da aka sani a lokacin, ilektiron da ke zagaye cibiya zai zubar da ƙarfinsa ya afka mata kafin ƙiftawar ido. Niels Bohr ɗan ƙasar Denmak ya ce a 1913 ilektiron yana zama ne a wasu matakai ƙayyadaddu kamar hawan bene, kuma yana fitar da haske ne kawai idan ya diro daga mataki na sama zuwa na ƙasa. Na barbaɗa gishirin girki a kan wutar gas ɗin ɗakin gwaji, harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa nan take, na ce wannan launin ilektiron ɗin sodiyom da ke cikin gishirin ne ke dirowa daga mataki zuwa mataki.

A nan ne wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu, bayan na ambaci cewa lissafin Bohr ya dace da haidirojin amma ya gaza a kan iskar hiliyom, kuma Schrödinger, masani ɗan ƙasar Ostiriya, ya maye gurbin da'irorinsa a 1926 da lissafin da ke nuna inda aka fi tsammanin samun ilektiron kawai.

"Malam, tun da an san na Bohr ba daidai ba ne, me ya sa kuke koya mana shi, har a tambaye mu a jarrabawa?"

Na ce mata da matakan Bohr za ta iya gane dalilin da ya sa sodiyom ke haɗuwa da kilorin su zama gishirin da muka ƙona yanzu, kuma lissafin Schrödinger yana jiran ta a jami'a. Ta gyaɗa kai cikin ladabi, amma na ga amsar ba ta cika mata ciki ba. Ƙararrawa ta kaɗa ban kai ga Chadwick ba, wanda a 1932 ya gano niyutiron, ƙwayar da ba ta da caji a cikin cibiyar zarra, kankanar kuma ba ta ga ƙarshen hutun tara ba.

Da yamma na ba Baba labari a zaure. Ya yi murmushi ya ce ai malaman tauhidi sun daɗe da tattauna juz'in da ba ya rarrabuwa, wanda suke kira jauharul fardi, har ya ambaci Baƙillani na Bagadaza. Sannan ya gyara zama ya ce: "To, su waɗannan masanan naka, akwai wanda ya ga zarrar da idonsa?" Na ce: "Allah ya ƙara muku lafiya, Baba, daga Dalton har Bohr babu ko ɗaya, alamarta suka gani suka yi lissafi." Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce in haka ne yana son ganin gwajin gishirin da kansa.

Na rubuta tambayarsa a saman shafin darasin gobe, da ita zan buɗe aji kafin in kai ga Chadwick.