Na Karanta Na Kowa Kafin Na Rubuta Nawa

Labarin da na daɗe ina son rubutawa na wani ɗan dako ne a Kano, zamanin da dalar gyaɗa ke tsaye a bakin layin dogo. Kakana ya yi wannan aiki, kuma tun ina ƙarami nake jin yadda ake hawa da buhu a ka har ƙololuwar dala. Labari na nan a raina, amma duk sanda na ɗauki biro sai ya fito kamar darasin tarihi na 'yan firamare. Karatu ne ya buɗe mini hanya, kuma yawancin abin da na karanta bai yi kama da abin da nake son rubutawa ba.

Na fara da littattafan da ake yayi yanzu, waɗanda marubuta, galibinsu mata, ke saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Na san ana yi musu kallon raini, ni kuwa ban yarda da wannan raini ba. Marubuciyar da za ta sa mutane su biya kuɗi su zauna jiran shafin gobe ta san wani abu da ba a koyarwa a aji. A wurinsu na ga yadda ake yanke babi daidai inda hankalin mai karatu ya tashi, na kuma ga yadda ake sa mutane su yi magana irin ta tsakar gida, da habaici da gatse da shirun da ya fi magana zafi. Abin da ke damuna da wasunsu shi ne jan labari bayan ya riga ya ƙare, da kuma yawan attajirai masu gidan sama, alhali talakan da ke cike da gari ba shi da mai ba da labarinsa. Wannan ma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan ɗan dakona.

Littattafan jarumta da na aljanu sun koya mini motsi: kada shafi ya wuce ba abin da ya faru. Gajerun labaran gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta, sun koya mini tsimin kalma, domin a can ba a ba ka filin zagaye-zagaye, daga inda matsala ta kunno kai ake farawa. Rubutattun waƙoƙi suka gyara mini kunne. Har babin rabon gado na koma na sake bita a littafin fiƙihu, saboda rigimar labarina a kan gonar gado take, kuma mai karatu Bahaushe ba zai yafe maka ba idan ka ba ɗiya kason da ba nata ba.

Wannan haɗe-haɗen ba sabon abu ba ne a wurinmu. Waɗanda suka shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya, irin su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba su tarar da ƙagaggen labari na boko da za su kwaikwaya ba. Daga tatsuniya da littattafan Larabci da tarihin ƙasarsu suka ɗebo.

Da na zo farawa, takarda guda na ɗauka na amsa tambaya uku: wane ne shi, me yake nema, me ya tare masa hanya. Ɗan dakona ya baro ƙauye ne don ya tara kuɗin fansar gonar mahaifinsa da baffansa ya jinginar. Da na samu wannan, sai rubutu ya daina yi mini gardama, domin kowane babi ko dai ya matso da shi kusa da gonar ko ya nisanta shi. Ban soma da haihuwarsa ba. Na soma da ranar da buhu ya suɓuce masa a tsakiyar dala, ɗan kamasho na kallo.

Lokacin rubutuna bayan sallar asuba ne, kafin gida ya tashi. A waya nake yi, bayan na saita madannanta a Hausa don in samu ƙ da ɗ da ɓ, kuma duk abin da na rubuta ina tura wa kaina ta imel a ranar, saboda waya ba ta da tabbas. Ba na komawa gyaran na jiya. Idan wani abu ya shige mini duhu, nakan sa alama in wuce.

Waɗannan alamomin su suka kai ni wurin dattawa, kuma nan ne aikin ya fi yi mini daɗi. Nakan je da ɗan goro, in durƙusa in gaishe su, a taɓa hira tukuna. Na lura idan ka ce "Baba, a ba ni tarihin dala", abin da kowa ya sani za a maimaita maka. Amma ka ce "Baba, me kuke ci da rana a wurin aikin?" ko "da me kuke yin gammo?", sai ka ga fuskar dattijo ta sake, ya shiga ba ka abin da babu shi a kowane littafi: waƙar da suke yi in buhu ya yi nauyi, yadda wuya ke sanƙarewa da dare, rigimar da ake yi a bakin sikeli. Wani ya tashi tsaye ya gwada mini yadda ake karkata kafaɗa a sauke buhu ba tare da an karya layin dala ba. Babi guda na gina a kan wannan motsin.

Littattafan tarihi kuma su suka tsare mini shekaru. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a bayansa. Labarina ya ratsa lokacin da abubuwa ke sauyawa, don haka dole in kiyaye: kafin Janairun 1973 fam da sule da kwabo ake biya, ba naira ba; motoci sun koma bin hannun dama ne a 1972; farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suna cikin abin da ya durƙusar da dalar. A 1975 ɗin na tsayar da labarin, ɗan dakona na da kuɗin fansa a hannu, gonar kuwa ba ta ba da gyaɗa.

Da daftarin farko ya kammala, na karanta shi da babbar murya a gaban wasu 'yan uwa marubuta. Duk inda numfashina ya sarƙe, ko na ga wani ya ɗauki wayarsa, na ja layi. Daga nan na ba wani malamin Hausa ya bi mini ƙa'idar rubutu, musamman rabawa da haɗa kalmomi, inda yawancinmu ke tuntuɓe. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake nemanta. Kuɗin ɗab'i ne babban tarnaƙi, domin takarda ta yi tsada ƙwarai tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Shawarar da na yanke ita ce in fara sakin babukan farko a intanet, in buga kwafi kaɗan na takarda, na farko a cikinsu in kai wa dattawan da suka ba ni labari, a karanta musu tun suna raye.