Yadda Nake Noman Fofin Ci a Lambun Gida Mai Zafi

Fofin da ake cin irinsa, wato furen da Turawa ke kira poppy, masana tsirrai kuma suke kira Papaver somniferum, shukar sanyi ne, kuma duk wanda ya yi niyyar noma shi a wuri mai zafi sai ya yarda da haka kafin ya taɓa fartanya. Bayanin da ke jikin takardar iri galibi an rubuta shi ne domin ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, inda ake shuka bayan hunturu ya wuce. A wurina lissafin a juye yake, domin ina shuka ne da zarar dare ya fara sanyi, don shukar ta samu watanni huɗu zuwa biyar ta yi saiwa, ta yi fure, ƙwansonta ya cika kafin zafi ya dawo.

Maganar doka na fara warwarewa tun ban nemi iri ba. Daga ruwan wannan shukar ake samun abin mayen da ake kira ofiyom, shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi ta sa ido a kan nomanta. Wasu ƙasashe sun bar mai lambu ya shuka domin iri, wasu sai da lasisi, wasu kuwa sun haramta ɗungurungum, har ma Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba sa barin a shigo da ƙwayar irin kanta. Sai da na tabbatar an halatta a inda nake sannan na ci gaba, kuma wanda dokar ƙasarsa ta hana, gara ya haƙura.

Irin ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya kan ƙunshi ƙwaya fiye da 3,000, don haka nakan gauraya shi da yashi domin ya watsu daidai. Nakan sassauta ƙasar, in zuba ruɓaɓɓen taki kaɗan, in yayyafa irin a sama, sannan in danna da tafin hannu ba tare da na rufe shi ba, saboda yana buƙatar haske kafin ya tsiro. Ya fi tsirowa idan yanayi yana tsakanin digiri 10 zuwa 18 a ma'aunin Celsius, kuma idan ƙasar ta ɗumama sosai sai ya ƙi fitowa, mutum ya yi ta zargin iri alhali laifin lokaci ne. Har ya tsiro, da feshi mai laushi nake ba da ruwa safe da yamma, domin ruwan bokiti kwashe irin yake yi ya tara shi a gefe guda.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne rage tsiron. Idan suka fito suna cunkushe ne kamar tabarma, kuma rai ba ya son cire lafiyayyen tsiro, amma fofin da aka bari a matse siriri yake tashi, ya ba da ƙwanson da bai kai a wahala a kansa ba. Nakan bar tazarar santimita 20 zuwa 25 tsakaninsu. Waɗanda na cire ba na dasa su a wani wuri, domin saiwarsa guda ce mai nitsewa ƙasa, kuma da zarar ta ji rauni shukar ba ta cika farfaɗowa ba.

Wurin da ya fi karɓar sa a lambuna shi ne inda ranar safe ke bugawa, inuwa kuma ta sauka bayan azahar. Da tsiron ya yi ƙarfi nakan shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa don ƙasar ta riƙe sanyi, in riƙa zuba ruwa a ƙasa maimakon kan ganye, saboda laima da ɗumi suna jawo ruɓewa. Takin da ya yi yawa kuwa ganye yake haifarwa, karan ya yi laushi, iska ta kwantar da shi.

Furen ba ya daɗewa, kwana ɗaya ko biyu ya zube, sai ƙwanso ya fara kumbura. Ba na taɓa shi yana ɗanye, domin farin ruwan da ke jikinsa idan ya shafi irin ɓata shi yake yi. Ina jira ne sai ya bushe ya koma launin kara, in girgiza in ji irin yana kaɗawa a ciki. Wasu nau'o'in suna buɗe ƙananan ƙofofi a ƙarƙashin kan ƙwanson, irin ya zube tun kafin a ankara, shi ya sa na fi son masu rufaffen ƙwanso kamar Ziar na ƙasar Silobakiya. Bayan na fasa, nakan tankaɗe, in wanke wanda za a ci, in shanya shi a inuwa ya bushe sarai. Kusan rabin nauyin irin mai ne, kuma zafi na saurin canza masa ɗanɗano, don haka a kwalba mai murfi nake adana shi cikin firji. Irin shukar baɗi kuwa daga tsiron da ya fi jure zafin ƙarshen kakar nake ɗiba, in ajiye shi daban ba tare da na wanke ba.