Daga Nima zuwa Magazin saboda soket ɗaya

Mun bar unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin Ghana, bayan sallar asuba, ni da ƙanena, a Corolla ta 2009 da aka shigo da ita daga Amurka. Wutar gargaɗin inji ta jima tana ci a gabana. Wani mai aikin waya a Ankara ya jona na'urarsa ta binciken mota, ta ƙi magana da motar, nan take ya yanke cewa ƙwaƙwalwar motar ta mutu, sai sabuwa. Da na faɗa wa kawuna da ke Aboabo a Kumasi, ya ce kada in saya komai sai Magazin, unguwar makanikai da ke Suame, ta gani.

Hanyar Kumasi kusan kilomita 250 ce, amma tireloli ne ke yanka maka lokaci. Mun sayi burodi a Nsawam, muka wuce Suhum, duwatsun Kwahu suka tsaya mana a dama wajen Nkawkaw cikin hazo. Daga Konongo zuwa Ejisu tafiyar ta zama ta haƙuri. Azahar ta same mu a shataletalen Suame.

Magazin gari ce cikin gari. Injuna a jibge bakin hanya, ƙarar guduma, tartsatsin walda, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai. Kawu ya ratsa da mu lungu-lungu har rumfar wani dattijo ɗan Zango, mai aikin waya, yaransa na kiransa Masta. Suka gaisa da kawu doguwar gaisuwa, sannan ya dube ni: "Ɗana, da aka jona, na'urar ta kawo wuta ko ba ta kawo ba?" Na ce ta kawo, Baba. Ya ce to, ba a fara zargin ƙwaƙwalwa tukuna.

Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari da tocila a baki, ya nuna mini soket ɗin OBD2 da ake jona na'urar, mai baki 16, wanda tun 1996 ya zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka. Ya ɗauko mita. Baki na 16 shi ne wutar batir, ya ba da bolt 12 da ɗoriya. Na 4 da na 5 su ne na ƙasa, lafiya lau. Da a ce babu wuta, in ji shi, fis zai fara dubawa, don a wasu motocin da na wurin cajin waya suke tarayya.

Sai ya sa yaro ya cire kan batir, ya ɗora mita tsakanin na 6 da na 14, layin CAN da kwamfutocin motar ke zance ta kansa. Lafiyayyen layi om 60 yake nunawa, saboda akwai abin tare wuta mai om 120 a kowane ƙarshensa. Mitar ta yi shiru. Ya ɗan danna, ta nuna 60, ya sassauta, ta ɓace. Ƙarfen baki na 14 ne ya buɗe, ya ja baya, saboda yawan cusa masa kan mita mai kauri. Da allura ya matse shi ya mayar, a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro.

Na'urar ta shiga nan da nan, ta fito da P0171, wato iska ta yi yawa, mai kuma ya yi ƙaranci a injin. Ya bi bututun iska bai ga tsaga ba, sai ya ciro sensar da ke auna iskar, ta yi butu-butu da ƙurar hunturu. Ya fesa mata ruwan wankinta, ya goge lambar, ya ce mu zaga har kasuwar Kejetia mu dawo ya sake dubawa.

Abin da ya taɓa ni shi ne yadda yake kiran yaransa su karanta mitar da bakinsu kafin ya ce komai. Mutane da yawa na asarar kuɗin da suka tara da gumi wajen sayen ƙwaƙwalwar da lafiyarta ƙalau, don kawai mai na'ura bai auna soket ba. Wannan yana min ciwo, domin yawancin masu irin wannan mota da ita suke ciyar da gida.

Muka dawo daga Kejetia wutar ba ta sake kamawa ba. Kuɗin aikin bai kai na man da muka sha a hanya ba. Masta ya ja kunnena kada in bar kowa ya soka waya ko ƙusa a soket ɗin, kawu kuma ya matsa mu tashi, tuwo na jiranmu a Aboabo.