Mota Biyu, Ganga Da Shebur: Sana'ar Kai Baƙi Tenere

Kamfaninmu a Agadas ƙarami ne. Land Cruiser uku, direbobinsu, kuku ɗaya, sai jagora da muke ɗauka idan tafiya ta taso. Aikinmu shi ne mu shiga da mutane duwatsun Abzin da rairayin hamadar Tenere, su kwana a fili, mu dawo da su gida lafiya. Masu ganin bidiyo a Facebook, mota na tashi sama bisa tudu, suna zaton sana'ar masu zafin kai ce. Ni da nake sayen mai, nake kuma amsa wayar iyalan direbobi, na san sana'ar lissafi ce, kuma rabinta a cikin gari ake gama ta tun ba a tayar da inji ba.

Daga Agadas zuwa Bilma kusan kilomita 600 ne, kuma ba gidan mai a hanya. Mota a cikin rairayi mai laushi tana iya shan kusan ninki biyu na abin da take sha a kan kwalta, saboda haka da wannan muke auna gazuwal, mu ƙara na ɓatan hanya. Ruwa ma haka: na sha, na girki, na lagireto, da jarkar da ba a taɓawa sai ranar da ba a fata. Ko da akwai rijiya a gaba, ba na sa ta cikin lissafi, don rijiya takan ƙafe, rairayi kuma yakan binne ta.

Inda nake yawan samun saɓani da baƙi shi ne mota ta biyu. Wani zai ce su uku ne kacal, me ya sa zai biya kuɗin mota biyu? Sai in ce masa ta biyun ba don zama ba ce, don ranar da kuloci ya ƙone ne a inda ba mai wucewa sai bayan mako. Wanda ya ƙi, ina sallamarsa da fatan alheri. Na fi son in rasa ciniki.

Da an bar tsakuwa an shiga rairayi, abu na farko shi ne a tsaya a rage iskar taya, daga kilo 2 da rabi zuwa wajen kilo 1. Tayar sai ta baje, ta taka wuri mai faɗi, motar ta riƙa bi ta sama maimakon ta yi ta haƙa. Da an koma kan dutse dole a mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar ya yage. Sammako muke yi, domin rairayin safe da sanyin dare ya kama ya fi tauri. Da rana ta take, wurin da ka wuce ba wahala da asuba sai ya riƙe ka.

Tudu kuwa fuska biyu gare shi. Wadda iska ke bugawa tana da tauri, hawanta a hankali yake. Ɗaya fuskar gangare ne mai tsini, kuma ba ka ganinsa sai ka iso baki. Direban kirki yakan sassauta totur daidai ƙololuwa, wani lokaci ya sauka ya leƙa da ƙafa. In zai gangara, kai tsaye yake fuskantar ƙasa da ƙaramar giya, ba ya danna birki da ƙarfi, ba ya karkata. Mota mai ganga a baya da kaya a sama, in ta ba gangare gefenta, kifewa za ta yi. Shi ya sa ba na ɗaukar yaron da ya zo yana ba ni labarin gudu. A 1973 wani direban babbar mota ya kaɗe Itacen Tenere, itace ɗaya tal da ba shi da maƙwabci a tafiyar fiye da kilomita 100. Gangar itacen tana gidan tarihi na Yamai, a inda yake a da kuma an kafa na ƙarfe.

Kafewa ba abin kunya ba ce, kowa yana kafewa. Abin kunya shi ne mota ta tsaya, direba ya ci gaba da ba ta wuta har cikinta ya zauna a ƙasa. Da ka ji taya na juyawa a banza, ɗage ƙafa. Kowa ya sauka, har baƙon da ya biya. A haƙe gaban tayoyi da shebur, a cusa farantan ƙarfen nan da muke cewa tol, direba ya ja a hankali, sauran su tura. In ta fita ba ya tsayawa sai ya sami wuri mai tauri, yaron mota ya tono tol ɗin da ya nutse, ya biyo sawu da shi a kafaɗa yana haki.

Muna da GPS da wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya, amma jagora ba ya barin kujerar gaba. Na'ura za ta gaya maka inda garin Fashi yake, ba za ta gaya maka ta wace kafa tsakanin tuddai za ka bi ba. Da yawa daga jagororin Abzinawa tun suna yara suka bi ayarin gishiri zuwa Bilma bisa raƙumi.

Zango tun da sauran rana muke yi, a bayan tudu inda iska ba ta dukan mutum. A Abzin ba ma kwana a tsakiyar ƙorama ko da ta bushe, don ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yana iya isowa cikin dare. Sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne, wanda ya raina bargo zai ga tsawon dare. Kuku yakan kwaɓa fulawa ya yi tagella: ya ture garwashi gefe, ya shimfiɗa ƙullin kan rairayi mai zafi, ya rufe da toka. In ta gasu ya kakkaɓe ta, ya gutsuttsura cikin miya. Sai shayi, zagaye uku. Da safe ina tuna wa kowa ya zazzage takalminsa saboda kunama, shararmu kuma a buhu take komawa gari.

Kasuwar dai ta sha faɗuwa. UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991, daidai lokacin tawayen Abzinawa na farko. Bayan sulhun 1995 baƙi suka dawo, har jirage na zuwa kai tsaye daga Faransa, ana cika Timiya da Iferwan da tuddan Temet. Tawayen 2007 ya zo da nakiyoyi a hanyoyi, sace ma'aikata a Arlit a 2010 ya ƙarasa abin. Abokan sana'a da yawa suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, wasu suka bi zinariyar yankin Jado da ta ɓulla a 2014.

Mu da muka rage, yanzu ma'aikatan ƙungiyoyin agaji muke ɗauka, da 'yan ƙasa daga Yamai da Damagaram masu zuwa bikin Abzin a Iferwan ko na Ingal. Ba ma fita sai da takardar hukuma, hanyar da aka ce sai da rakiyar soja kuma muna jiran rakiyar ko da baƙo yana gaggawa. Mai son zuwa ya nufi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya kuma sanar da mu da wuri, don takardun nan sun fi gyaran mota cin lokaci.